Noti Huɗu Na Bar Miki, Uwata

Zogbeli, Tamale
Ranar Lahadi bayan la'asar

Uwata Rahinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ko da yake yau kwana tara ke nan gaisuwarki gare ni ba ta wuce "Baba ina kwana", kina kallon bango. Allah Ya tsare ki a hanyar Kumasi gobe, Ya tsare direban daga barci da ganganci, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma na zaɓi takarda saboda na san halina. In na buɗe baki, kafin in kai ga cewa na yi kuskure na riga na yi faɗa sau uku. Ke kuma sunan uwata kika ci, har da zuciyarta kika haɗa, ita ma in ta yi fushi sai dai mutum ya ji ƙarar murfin tukunya.

Innarki ta gaya mini abin da kika yanke. Wai za ki bar laftof ɗin a gida, in kin isa ki ari ta wata ƙawarki da ke can, ki shiga gwajin ɗaukar aiki na ranar Laraba da ita. Ban yarda ba. Ki sake karantawa, ban yarda ba. Zanen gine-ginen da kika yi shekara uku kina yi yana cikin wannan, manhajar zanen da hannunki ya saba da ita tana ciki, kin san inda kowane abu yake ko idonki a rufe. Mutanen kamfanin nan sun ba ki dama ta biyu bayan ta sandare miki a tsakiyar gwajin farko, kuma ba za su ba da ta uku ba. Ba za ki shiga gabansu da kayan aro kina laluben maɓalli ba, ina raye. Na gyara ta. Na sani, haka na ce wancan karon ma. Shi ya sa yau zan gaya miki duk inda na ɓata, ki auna da kanki.

Na fara ɓatawa tun daga ranar da na zaɓa. Kin daɗe kina ƙorafi cewa tana da nauyi, mutum sai ya kunna ta ya je ya sha koko ya dawo ba ta gama tashi ba. Na sayo sabon faifan nan da kuke ce wa SSD, na cire tsohon mai juyawa, na kwafe komai a kan sabon, na sa. Ana saura kwana biyu gwajinki na yi wannan. Da ta tashi kafin in gama gyara zama, har kiran innarki na yi daga bakin murhu ta zo ta gani. Gaskiyar magana ba don ke kaɗai na yi ba, so nake ki ce Baba ya iya. Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran rediyo da talabijin a Sakasaka, ban taɓa ba mutum kayansa ba sai ya wuni yana aiki a gabana, amma na 'yata na miƙa mata a ranar, ina washe baki. Ki riƙe wannan: ana gobe ko jibi babban aiki, kada ki canza wa kayan aikinki komai. Ko takalmi ne, ki tafi da wanda ƙafarki ta sani.

Na biyun ya fi muni, kuma shi ne ya sa kike kallon bango. Ranar gwajin kin hau babur kin tafi ofishin ƙawarki ta Sakasaka inda intanet ya fi ƙarfi. Da kika dawo idonki jajur, kika ajiye ta a teburina kika ce, "Baba, ta tsaya cak ana tsakiyar zane. Ko kibiyar ba ta motsi." Na kunna ta, ta tashi lafiya lau. Sai na ce, "Ke kika cika mata kaya. Ku yaran yanzu sai ku buɗe abu ashirin lokaci ɗaya, sannan ku ce inji ne." Wallahi tun maganar ba ta gama fita ba na san tsoro ne ke magana. Na ji tsoron a ce hannuna ne, sai na ɗora miki. Ba ki cika mata komai ba, Uwata. Laifina ne, na rubuta da hannuna, ki ajiye takardar. A wurin aiki za ki haɗu da manya masu irin wannan hali, abu ya lalace su waiga su nemi ƙaramin da ya fi kusa. Kada ki karɓi laifin da ba naki ba don kunyar furfura, ko furfurar ubanki ce. Ki faɗi abin da kika gani, da lokacin da ya faru, cikin ladabi, kada ki janye. Ranar da kuma kika zama babba, ki tuna yadda kika ji a bakin teburina.

Kin ji abin da kawunki Alhaji Sule ya ce a wurin sunan nan na Tishigu, don an kawo miki har gida. A gaban mutane, yana riƙe da ƙashin kaza, ya ce, "Malam Isiyaku, rediyo daban, kwamfuta daban. Ka kashe wa yarinya aiki da karambani. A jefar da tsohuwar nan kawai." Aka yi dariya. Na ƙyale shi a ranar, saboda yayan innarki ne. Yau ga amsata. Shi da yake sayar da waya a kwali, bai taɓa buɗe bayan ko ɗaya ya ga abin da ke ciki ba. Duk abin da ya yi tari a hannunsa, jefarwa ne maganinsa. Ni ban tashi a haka ba, kuma ba zan koma haka da tsufana ba don a daina mini dariya a wurin suna. Na yi kuskure, na yarda. Amma wanda ya ce hannun da ya yi kuskure ba shi da ikon gyarawa, ya zo ya faɗa mini a shagona.

To, da zafin maganar kawunki na koma kan laftof ɗin, na kuma tafka wani. Rana ɗaya na sake kwafe faifan, na wanke fanka, na cire ƙwaƙwalwar na goge bakinta na mayar, na shiga shuɗin shafin nan da ake shiga kafin ta gama tashi na juya abu biyu. Na ba ki, kika je Sakasaka, kika dawo kika ajiye mini ita kika juya. Ta sake sandarewa. Na zauna ban san wanne ya taimaka ba, wanne ya ƙara ɓatawa, don duk tare na taɓa su.

Abin haushin shi ne an taɓa koya mini wannan da rankwashi. Maigidana, Malam Hamani, Bazabarmen da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, wata rana ya fita ya bar ni da rediyon wani mahauci da ke ɗaukewa yana dawowa. Ina so in burge shi, na ciccire abu biyar na sa sababbi. Ya dawo, rediyo na nan yadda yake. Ya ɗaga shi ya girgiza a kusa da kunnensa, ya buɗe gidan batir, ashe wata 'yar waya ce ta saki. Ya rankwashe ni ya ce, "Abu ɗaya za ka taɓa, Isiyaku, sannan ka tsaya ka saurara." Na yi shekaru ina faɗa wa mutane wannan labari ina dariya, sai ga ni da furfura ina maimaita shi. Ke kada ki yi. In abu ya ƙi, ki canza abu ɗaya, ki gwada, ki rubuta abin da kika gani, sannan ki matsa gaba.

Akwai abin da ya ƙara rikita ni, ban kawo shi don in wanke kaina ba. Ni da kunne nake aiki. Tsohon faifai yana magana, in yana ciwo za ki ji yana ƙas-ƙas, in yana lafiya za ki ji yana gurnani a hankali. Wannan sabon kuwa bebe ne, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Na kara kunnena a jikin laftof ɗin har wani da ya biyo ni gida da gyara ya tambaye ni ko lafiya. Na bar ta a kunne a teburina tun safe har magariba, kwana biyu, na buɗe mata zanenki mafi nauyi, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Na fara tunanin ko da gaske kawunki ya fi ni gaskiya, kuma wannan tunanin ya fi komai ci mini rai.

Kin san wa ya gano? Innarki. Matar da ba ta san inda ake kunna ta ba. Ranar Larabar da ta wuce da hantsi tana tsince shinkafar da za ta dafa ta sayarwa, ina zaune na tasa laftof ɗin a gaba kamar mai zaman makoki, sai ta ce, "Malam, wai ni kam, abin nan a teburinka lafiyarsa ƙalau. Sai ya hau babur yake tsiya. Ko jiri yake yi?" Na ce mata ta ji da tukunyarta. Haka na ce, Allah Ya yafe mini. Ta ce, "To," ta ci gaba da tsintarta. Ban kai ƙofar gida ba maganar ta dawo mini. Sau biyu ta sandare, sau biyun duk bayan kin goya ta a babur daga Zogbeli zuwa Sakasaka. Ni kuwa a shimfiɗe nake gwada ta, a kan teburin da ba ya motsi. Garin nan kowa a kan babur yake, mace da namiji, kaya da akuya, amma ni mai gyara ban taɓa tambayar ta yaya kayan ya zo hannuna ba. Na koma na ba innarki haƙuri, ta ce in ajiye haƙurin in je in yi aiki. Inda za ki, kada ki raina maganar wanda ke kallo daga gefe don bai yi makarantarki ba. Mai shara da mai gadi suna ganin abin da injiniya bai gani ba, don su ba su da abin karewa.

Na sa ta a jakarki, na rataya, na hau babur. Na bi hanyar da kike bi, ban kauce wa rami ko ɗaya ba, har neman su nake. Na isa shago, na buɗe, na kunna. Ba ta yi minti goma ba ta ƙame, kibiya ta tsaya a tsakiyar allo. Uwata, ban taɓa murnar ganin abu ya lalace ba sai ranar. Na kife ta, na kwance bayanta, sai ga shi a fili. Sabon faifan ya zame daga bakin da yake shiga, ɗan kaɗan, bai kai kaurin farce ba. Tsohon yana da wani ƙarfe da ke rungume shi ya ɗaure shi a jikin laftof ɗin. Ranar da na cire shi, sai na ajiye shi da ƙarfensa a jiki, wai don in adana miki shi cikakke, na tura sabon haka nan tsirara, na rufe. Ga shi kuma sabon ya fi tsohon sirantaka, sai ya sami fili yana rawa a ciki. A kan tebur yana zaune daram. A kan babur kowane rami sai ya ɗan ja shi baya, ya rage taɓawa sama-sama, laftof ta ɗan ɗumama ko a ɗan gusa ta, sai ya saki, komai ya tsaya.

Na mayar masa da ƙarfensa, na ɗaure. Filin da ya rage kuma na yanko robar cikin tayar keke, 'yan sirara guda biyu, na sa a gefe da gefe, ban rufe inda iska ke bi ba. Kawunki in ya ji robar keke zai yi dariya har hularsa ta faɗi. To, ya yi ta yi. Abubuwan da na juya a shuɗin shafin nan na mayar da su yadda suke, ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa. Abu ɗaya kawai na bari a canje: na hana ta sa faifan barci in tana kan batir, don wasu sababbin faifan in sun yi barci ba sa son tashi.

Daga nan na shiga gwaji irin wanda ya kamata in yi tun farko. Alhamis, Juma'a, Asabar, kullum sau uku, ina goye da ita: Zogbeli, Sakasaka, Tishigu, in zaga ta bayan kasuwa inda hanya ta fi lalacewa, in tsaya a gindin bishiya in buɗe in kunna zanenki. Masu shayi sun gane ni. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Malam Isiyaku, yau ma an fito da kwamfuta shan iska?" Na ce masa e, likita ya ce ta riƙa motsa jiki. Har ta ƙofar shagon kawunki na bi, da gangan, sau biyu, na yi masa hon. Bayana ne ya gaji, ita ko gezau, ba ta sandare ko sau ɗaya ba.

Duk da haka ni ba Allah ba ne, inji kuma inji ne. In ta sake yi miki a can, kada ki buge ta, kada ki yi kuka a gabansu. Ki danna maɓallin manyan baƙaƙe ki ga ko 'yar fitilarsa ta kama. In ta kama, laftof ɗin na da rai, ki ba ta minti ɗaya. In ba ta kama ba, ki danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ki sake tayar da ita, sabon faifan ba ya ɓata lokaci. Ki riƙa adana zanenki kina yi, kada ki jira sai kin gama. Na kwafe ayyukanki a filas biyu, 'yan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ɗaya a jaka, ɗaya ki sa a lalitarki, kada su kwana wuri ɗaya. Kada ki ɗora ta a kan katifa, tana shaƙewa. Tsohon faifan kuma yana cikin jakar, innarki ta naɗe shi a ɗankwalinta, komai naki yana cikinsa yadda kika bar shi. Yana da nauyin jiki, amma bai taɓa yashe ki a tsakiyar aiki ba. In duk ta ƙi, ki buɗe, ki cire sabon, ki mayar da shi.

Na san abin da za ki ce: "Baba, ni ban iya buɗewa ba." A nan ne babban kuskurena yake, wanda ya girmi duk waɗannan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kina shekara tara, ranar wata Asabar, kika biyo ni shago. Na juya ina sallamar wani, kika jawo 'yar kujerar katakon nan kika taka, kika ɗauki sukudirebata mai jan hannu, kika kwance bayan wani ƙaramin rediyo. Da na waigo, kin jera notin a murfin gwangwanin madara, kowanne a gefen da kika ciro shi. Ba wanda ya koya miki. Ni sai da na shekara a wurin Malam Hamani kafin in iya wannan tsari. Raina ya yi fari, na buɗe baki zan yaba miki, sai mazan da ke zaune a bencin ƙofar shago suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Isiyaku, abin har ya kai ka sa mace riƙon sukudireba?" Sai na fizge ta daga hannunki, na daka miki tsawa, na ce ki tafi gida ki taya innarki wanke-wanke. Kika sauko daga kujerar, ba ki yi kuka ba, kika tafi. Ba ki sake taɓa komai a teburina ba har yau.

Mutanen nan, biyu sun rasu, ɗaya ya koma garinsu, sauran ko sunansu na manta. Saboda dariyarsu na cire abu daga hannun 'yata. Da na bar ki a kan kujerar nan, ranar gwajin da kanki za ki kife laftof ɗin a ofishin ƙawarki, ki ga faifan ya zame, ki tura shi, ki ci gaba da zanenki. Ke nan sau biyu na sandarar miki da ita, sau ɗaya da ƙarfen da na manta, sau ɗaya tun kina shekara tara. Wannan yana ci mini rai fiye da duk abin da kawunki zai iya faɗa. Kada ki taɓa ajiye abin da hannunki ya iya don wasu na zaune a benci suna dariya. A Kumasi ma akwai benci, akwai masu zama a kai.

Saboda haka ban rufe laftof ɗin ba. Tana kan teburin tsakar gida, a kife, bayanta a buɗe, na lulluɓe ta da tsumma mai tsabta. Noti huɗu na bar miki a murfin gwangwanin madara, sukudireba mai jan hannu tana gefe. Taki ce yanzu, ki tafi da ita. Kafin magariba ki fito, ki duba faifan da idonki, ki taɓa robar, ki cire shi ki mayar sau biyu har hannunki ya gane, sannan ki rufe, ki ɗaure notin da kanki. Kada ki matse su da ƙarfi, in sun tsaya sun tsaya. Ni ina zaune a bakin ƙofa, na yi wa innarki alkawari ba zan ce uffan ba, ta ce in na yi magana da ludayi za ta bi ni. In kin ga dama kada ki kalle ni, ki ci gaba da fushinki, kina da hakki. Amma laftof ɗin nan ba za ta bar gidan nan da ɗaurin hannuna ba, kuma ba za ki bar ta a nan ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsayar da hannunki ranar Laraba, Ya sa ki fito kina dariya. Allah Ya yi miki albarka, Ya raba ki da tsoron bakin mutane, wanda ubanki bai rabu da shi da wuri ba. Amin.

'Yar kujerar ma na ɗauko ta daga shago, tana gaban teburin. Na san kin yi tsawo, ba sai kin taka ba. Ki zauna a kai.

Babanki,
Isiyaku mai rediyo